Wanda Ya Kewaye Dandalin Hira Da Katanga

Tunda ka ce ƙaramar hukuma ta damƙa maka aikin tsara filayen shaƙatawa na sababbin unguwanni, zauna in ba ka wani misali kafin ka fara awo.

An yi wani jami'in tsare-tsare da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa da garinsu. Ya kama haya a wata sabuwar unguwa ta bayan gari, shi kaɗai, don iyalinsa sun zauna a gida saboda karatun yara. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai. In ya taso daga ofis sai ya ci abinci a tsaye, ya kunna rediyo don dai ya ji muryar ɗan Adam. A bakin hanyar gidansa akwai wani filin hukuma mai tsohuwar tsamiya. Nan magidantan unguwar ke shimfiɗa tabarmi bayan La'asar, su tuɓe takalma su zauna gwiwa da gwiwa, mai shayi na gefe, duk wanda ya gifta ya yi sallama a tsare shi da tsokana. Kullum jami'in ya zo wucewa sai ya rage gudun mota ya ɗaga musu hannu, su ɗaga masa. Ransa na so ya sauka, amma girman kujera ya hana. Ina shi ina zaman tabarma da yadinsa mai guga, kuma ba wanda ya kira shi? Ka ji fa, sai ka ce majalisar hira ana raba mata katin gayyata.

Da hukuma ta yanke shawarar yi wa unguwar filin shaƙatawa, sai ya ga dama ta samu. Ya ce a ransa zai gyara wa mutanen nan wurin zamansu, in sun hau benci shi ma ya zauna cikinsu ba tare da ya zub da girma ba. Niyyarsa kyakkyawa ce, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma a ofis ya zana komai, bai tambayi ko mutum ɗaya ba, wai yana so ya ba su mamaki. Ya kewaye filin da katanga don awaki. Ya dasa ciyawa ya kafa allon da ya hana shimfiɗa a kanta. Ya hana mai shayi shiga don kada toka ta ɓata wurin. Ya jera bencinan siminti masu cin mutum biyu-biyu, nesa da juna, kowanne na kallon furanni. Ranar buɗewa unguwa ta cika, aka yi jawabai, aka ci shinkafa, aka sa wa hukuma albarka. Washegari magidanta suka naɗe tabarminsu suka koma ƙofar shagon mai faci, inda ba inuwar kirki sai warin roba, amma ana ganin mai wucewa a amsa sallamarsa. Ba su yi fushi ba, ba su kai ƙara ba. Sun ɗauka hukuma ta karɓi filinta ne, kuma mai abu da abinsa.

Jami'in ne ke kula da wurin, makullin ma a aljihunsa yake. Kowace yamma ya buɗe ƙofa, ya zagaya ya duba famfon ban-ruwa, ya zauna ƙarƙashin tsamiyar da jarida a hannu. Dariyar majalisa na zuwa masa daga bayan katanga, ba ya jin abin da aka faɗa, dariyar kawai. Wani lokaci har ya sami kansa yana murmushi shi kaɗai, sai kunya ta kama shi ya mai da ido kan jarida. Kullum yana ce wa kansa bari furanni su buɗe, za su zo. Furanni suka buɗe, suka bushe.

Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya daɗe a kwance, ko ruwan sha da rarrafe yake ɗaukowa. A majalisar hira kuwa, in mutum ya ɓace kwana biyu gurbinsa a tabarma shi ke tona asiri, nan da nan a tashi wani ya je ya duba ko lafiya. Shi ba shi da gurbi a ko'ina. Filin ya zauna a kulle duk tsawon jinyar, ba wanda ya girgiza ƙofar balle ya tambayi inda mai makulli ya shiga. Wannan ya fi zazzaɓin yi masa ciwo.

Ranar da ya ɗan sami ƙarfi, amma bai kai ga iya tuƙi ba, sai ya fito da ƙafa neman shayi. Ya isa ƙofar mai faci a rame, inda mai shayi ya bi majalisa, ya yi sallama. Wani dattijo ya amsa, ya matsa masa gefen tabarma, ya dube shi da kyau ya ce, “Bismillah, malam, zauna. Baƙo ne kai a unguwar nan?”

Motarsa suka sani, ba shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake.