Baba Ba Ya Busa Shaf

"Mayar min da su filat," in ji Baba. "Ni ba na busa shaf."

Saura minti arba'in a fara gwajin da sabon shugaban badujala ya shirya, kuma duk wanda ya yi tuntuɓe sallama ce. Shekara talatin Baba yana busa ƙaho a ƙungiyar. Ni nake buga musu takardun kiɗa a kwamfuta, ga shi manhajar ta mayar da alamomin saukar da sauti, wato filat, duka sun koma na ɗaga sauti, wato shaf.

"Haba Baba, sauti ɗaya ne fa! A takarda kawai suka bambanta."

"Bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ƙaro murya."

Kullum haka yake min. Na dinga dannawa, duk alamar da na taɓa sai kwamfuta ta fitar da sautinta. Shi ko yana zaune a bayana, sai da ya sa na maimaita daga farko har sau uku.

Na fizgo takardar daga firinta ko dubawa ban yi ba, muka ruga zauren gwaji.

Baba ya kafa mata ido ya busa, ko kuskure ɗaya babu. Shugaba har da tafi.

Na je ɗauke takardar, sai a lokacin na dube ta. Fara ce fat. Ashe tawada ta ƙare.

Baba ya lalubo kafaɗata, idonsa na kallon gefe, ba fuskata ba.

"Ka gani ko? Da ka gyara, ai ga shi ta karantu sarai."