Kwalbar Rinin Barau

Tun da aka fara noman nama a tanki, ba mai sayen tsoka sai ya ɗiga mata rini ya haska fitila. Naman yanka ba ya nuna komai, na tanki kuwa, da yake ƙwayoyin halittarsa na raye, sai ya yi kore shar.

Inna Tasalla ta manta kwalbarta a gida, Barau mahauci ya yi wuf ya miƙo tasa. Ta ɗiga ta haska, ba kore.

"Kin gani, Inna? Da hannuna na yanka."

Saurin nan nasa bai kwanta mata a rai ba. Ta ɗiga rinin a sabon ciwon yatsanta, ta haska. Nan ma ba kore.

"To, Barau," ta ce, "ni kuma wa ya yanka ni?"