Ɗango Biyun Ƙarshe

Malam Musbahu ya riƙe takardar waƙar da yatsa biyu, kamar wanda ya tsinci ruɓaɓɓen tumatir. Sha'iran Kura da Bunkure sun taru a inuwar mangwaron bakin kanal ɗin ban ruwa za su zaɓi shugaba, kuma shi da Lukmanu, wani manomin shinkafa, ke neman kujerar. Sharaɗin dattawa ɗaya ne: kowa ya auna waƙar abokin takararsa a bainar jama'a.

Wai Lukmanu! Mutumin da kaushin ƙafarsa ya fi iliminsa kauri. Shi kuwa Musbahu ɗan marigayi Malam Dattijo ne, sha'irin da har Madobi ake buga misali da alƙalaminsa. Rubuce-rubucen tsohon suna nan a akwati, ya garƙame da kwaɗo tun ranar sadakar arba'in, don kada hannun jahilai ya taɓa su.

Waƙar Lukmanu ƙwar biyar ce, ɗango biyar a kowane baiti, tana ba da labarin shekarar da ruwan madatsa ya fara shiga gonaki. Musbahu ya karanta yana ƙwanƙwasa gwiwa don auna kari, yana taɓe baki.

"Ɗango ukun farko dai ba laifi," ya ce. "Tsintar dami a kala. Amma biyun ƙarshe? Tir! Kari gurgu, amsa-amo kuma an jawo shi da igiya kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Kowane baiti haka, har tammat."

Samari suka tuntsire da dariya. Dattawa kuwa suka sunkuyar da kai, wani ya shiga jan carbi da sauri. Musbahu ya ce a ransa, kwarjini ke nan, sai ya ƙara gishiri.

"Ku shaida, jama'a. Hannun da ya rubuta waɗannan bai san aruli, ma'aunin waƙa, ba. Gidan da suka fito, ko jikansu bai cancanci kujerar nan ba!"

Lukmanu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya rusuna.

"Na gode da ka yaba nawa, Malam. Ai tahamisi na yi: na samu tsohuwar waƙa mai ƙwar biyu, na ɗora ɗango uku a kan kowane baiti, ko wasali ban canza mata ba. Biyun ƙarshen nan, waƙar mahaifinka ce."