Jarrabawar Mai Murya

Tun da hantsi Mai Murya yake fama da shafi ɗaya. Littafin ya kai tubali kauri, na wani babban masanin tauhidin Furotesta ne da ya rasu tun ana rubutu da gashin tsuntsu, kuma da alama bai taɓa tausayin mai karatu ba.

Ranar Juma'a za a yi jarrabawar baka a makarantar horar da fastoci, a kan wannan masani kaɗai. Malamai za su jeru a teburi, ɗalibai su cika zaure. Duk wanda ya yi shirme a wurin, da shi za a riƙa tsokanarsa har kabari. A wa'azi dai babu mai ja da Mai Murya, in ya ɗaga murya har jarirai kan yi tsit. Amma littafin nan danne takardu kawai yake yi da shi. Abokin da ya saba fakewa a bayansa a irin wannan rana kuma ya bar makarantar. Tsoro yake ji, na gaske.

Bai leƙa ɗakin karatu ba, kada a gan shi yana neman bayanin 'yan koyo. Ɗakin girkin gidansa ya shige, ya lulluɓe littafin da jarida.

Da ƙyar ya tsinci abu ɗaya: wai Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta tun kafin a halicci duniya, don alherinsa kawai, ba don aikinsu ba. Ya karanta wa matarsa tana wanke kwanuka. Ta tambaye shi ko sharar majami'a da take yi duk Asabar ta tashi a banza ke nan. Ya ce a'a mana. Ya buɗe baki zai kawo dalili, ya tarar babu komai a ciki.

"To Baban yara, rufe ka ci abinci," in ji ta. "In za ka ji kunya ran Juma'a, ai an gama magana tun kafin a yi duniya."

Bai yi dariya ba, ya ture abincin gefe.

Juma'a ta zo, zaure ya cika maƙil. Mai Murya ya shiga, ya zauna. Wani siririn ɗalibi na riƙe da irin littafinsa, duk ya sha fensir har bangon ya yage, Mai Murya ya ji hassada ta soke shi. Idanu suka dawo kansa. Ya yi gyaran murya, ya dubi ɗalibin.

"Ɗana, bayyana mana koyarwar zaɓe dalla-dalla, kamar kana yi wa wanda bai taɓa karanta littafin ba."

Ɗalibin ya rusuna ya fara, shi kuwa Mai Murya, shugaban makarantar, ya gyara zama a babbar kujerarsa, ya kasa kunne don ɗaukar darasinsa na farko.