Goshin Mai Shaida

"Sunansa fes yake," na ce wa shugabata. Babu shi a rajistar masu cin zarafin yara, babu shi a ta 'yan sanda. Dama a tsibirinmu wa ke kai irin wannan magana kotu? A ofishin mai unguwa ake kashe ta, da ban haƙuri da gasasshen alade.

Dattijon da ke gabanmu a ofis, lasisin riƙon marayu yake nema, ga 'yan mata biyu da guguwar bara ta raba da iyayensu suna jiran gida. Ya zo da mai shaida, wata matashiya da ta tashi a hannunsa.

"Faɗa musu mana, 'yata," in ji shi.

"Kawu mutumin kirki ne," ta ce, idonta na kan fanka. "Shi ya raine ni."

"To me kike jira?" shugabata ta harare ni. "Layi har bakin titi, ke kin tsaya kallon fuska. Buga mu tashi."

Na buga hatimi.

Da za su rabu, matashiyar ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta, yadda duk muke gaida manya. Ya sa mata albarka, ya hau babur mai ƙafa uku da takardarsa.

Na zagaya bayan ofis in wanke kofina. A bakin famfo na sami matashiyar durƙushe, tana dirzar goshin nan da sabulun wanki, tana ta dirza, har kumfar ta koma ja.