Rigar Jif

"Ba ni rigar jif," na ce wa mai shago a Karmo, alhali motata ko tumaki biyu ba za ta ɗauka ba.

Tunda maƙwabcina Obadiah ya ajiye ƙatuwar jif a lulluɓe, 'yan layinmu suka koma gaishe shi da hannu biyu. Ni kuwa sai a ɗaga mini kai.

Na jera kwalaye a saman motata, na lulluɓe ta. Har tsawo ta fi tasa.

Washegari aka tafka ruwa. Sai ga Obadiah a ƙofata, murya ƙasa-ƙasa.

"Oga Datti, wane irin kwali ka saka? Naka yana tsaye, nawa duka ya kwanta."