Kira a Layi na Bakwai

Kwana uku ana sheƙa ruwa a yammacin Tasmaniya, kuma tun da hantsi tsohuwar kwamfutar da ke tafiyar da injinan zuƙe ruwa na mahaƙar kuza ta fara sanƙarewa. Sai ta yi cak na daƙiƙa biyar, injinan su tsaya, ta farfaɗo, ta sake ɗaukewa. Ruwa ya riga ya shiga mataki na tara, can ƙarshen rami. Idan ya hau na takwas, inda manyan injinan suke, ramin ya tafi ke nan, tare da abincin gida ɗari biyu.

Narelle Trembath ce a kan kujerar kula da kwamfutar. Bara ta gaje ta daga ubanta Merv, wanda ya harhaɗa komai da hannunsa shekara talatin da suka wuce. An sallame shi da kyautar agogon bango, aka karɓe lambarsa ta shiga rami. Ita da digiri ta zo, shi kuwa abin da ya sani waya da taurin kai. A watan farko ta fitar da tarkacensa, har da wata firinta mai ƙarar keken ɗinki. Tun daga ranar, gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Col Duggan, shugaban ma'aikata, ya shigo yana ɗigar da ruwa.

"'Yar Merv, bokon ya ƙare ne? Kira tsohon mana."

"Sau huɗu na kira, Kawu. Fushi yake yi, ba zai ɗauka ba."

"Halinsu ɗaya da karensa. Ɗazu na kori karen a bakin shinge, ya zauna yana harara ta."

Ba ta yi dariya ba, don tsoro ya fara kama ta. Kowace na'ura da ke jone da kwamfutar tana da layinta na kira. In ta ƙwanƙwasa, sai kenel, wato uwar manhajar, ta ajiye abin da take yi, ta toshe kunne daga sauran, ta sallami mai kiran, sannan ta koma bakin aikinta. Narelle ta buɗe lissafin kiraye-kirayen, sai ga layi na bakwai, na firinta, yana ta bugawa. Duk bugu ɗaya sai kenel ta tsaya neman firintar da za ta rubuta wani saƙo. Firinta kuwa tana juji, injinan ruwa na ta kira babu mai jin su.

Nan ta sauke ajiyar zuciya. Duk wanda ya karanci tsofaffin na'urori ya san layi na bakwai. In wuta ta yi rawa, kira ya taso ya janye ba a san mai shi ba, can ake jibge shi. Kiran fatalwa suke ce masa, kuma har a jarrabawa an tambaye ta.

Abu ɗaya ne bai kwanta mata ba. Uku-uku kiran yake zuwa, sai shiru, sai kuma uku. Tana kallo tazarar ta fara raguwa. Ta ce a ranta laima ce ta shiga waya, ai laima ba ta da tsari.

"Zan toshe layin," in ji ta. "Amma injinan ba za su iya da mataki biyu ba. Sai an rufe ƙofar ƙarfe, a bar wa ruwa na tara."

Col ya leƙa allon lambobi. Dokar rami ce, mai sauka ya rataye lambarsa, mai fitowa ya cire. Allon wayam yake, ko ɗaya babu.

"Toshe," ya ce.

Ta rubuta umarni guda. Lissafin ya tsaya a ɗari biyu da goma sha biyu. Col ya danna maɓallin ƙofar, suka ji rufuwarta ta tafin ƙafa. Injinan suka ɗauka babu gargada, kafin awa guda ruwan mataki na takwas ya fara ja da baya. Daɗi ya cika Narelle, har tana shirya yadda za ta ba tsohon labari.

Ta zagaya bayan kwamfutar don ta liƙe ɗan ramin da ta zare wayar firintar daga ciki, kada laima ta ƙara shiga. Tana durƙushe wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce.

"Narelle, ki ce wa babanki abincinsa ya huce. Tun safe ya bi ta tsohuwar mashigar rami, wai akwai wani bawul na bututun ruwa a ƙasa da ke cijewa in an yi irin ruwan nan, shi kaɗai ya san hannunsa."

Narelle ta sauke wayar daga kunnenta. Idonta na kan wata siririyar waya da aka maƙala a cikin ramin firintar, ta bi bango ta nutse ƙasa, da ɗan ƙyalle a jikinta ɗauke da rubutun ubanta: "Maɓallin neman agaji, mataki na tara. A danna uku-uku."